Sunan Firdausi a Bakin Muntari

Ni Barira, tuwo nake sayarwa a Guangzhou, a hawa na bakwai na wani tsohon bene bayan kasuwar Canaan, inda mutanenmu na Kano da Nijar suke sarin tufafi. Falona shi ne gidan abincin, kuma benen babu lif, sai mai jin yunwar gaske yake hawowa. Duk wanda ya taɓa hawowa ya san Malam Muntari, dogon nan mai tef ɗin awo a wuya, wanda yake zama a bakin taga ya ci rabin malmala ya rufe sauran. A Turai ma sun san shi. An ce har hawaye suka yi a kansa a gidajen sinima. Abin da suka sani ɗin nan ne yake ci mini tuwo a ƙwarya, shi ya sa ni ma zan faɗi nawa.

Muntari ɗan wani ƙauye ne a ƙasar Kazaure, kuma shi ne ɗan fari a ɗakinsu. Ana yaye shi aka miƙa shi ga kakarsa, kamar yadda ake yi. Uwarsa har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunansa ba. In ta hango shi tafe sai ta juya baya ta kama wani aiki, in kuwa maganarsa ta zama dole sai ta ce yaron wajen Inna. Amma ranar da zai tafi Kano neman na kansa, akuyarta guda ɗaya tilo ta sayar, ta ƙulle kuɗin a tsumma ta ba maƙwabciya ta kai masa, ta ce kada a faɗi inda suka fito. Maƙwabciya kuwa ta faɗa, dama an san za ta faɗa. A wurin Muntari ƙauna kenan, ba a furta ta, aika ta ake yi ta hannun wani. Na ji labarin akuyar nan a bakinsa ya fi a ƙirga, kuma kullum da alfahari yake bayarwa.

A Kantin Kwari ya fara da dako. Wani babban ɗan kasuwa, Alhaji Tankari, ya lura yaron ba ya taɓa kayan mutane kuma yana da idon ɗinki, sai ya ja shi shago. Da harkar China ta buɗe, Alhaji ya turo shi nan ya riƙa tsaya masa a kan kaya, zuwan da ya zama zama ke nan. Aikinsa shi ne ya kwashi 'yan kasuwa a bas ya kai su Xintang, garin da ba a san wata sana'a ba sai wandon jins, inda ruwan kwata ma shuɗi ne saboda rini. Can zai juya wando ciki waje, ya ja ɗinkin, ya shinshina rinin, ya yi ta cacar baki da masu masaƙa har a daidaita, sannan ya tsaya a loda kwantena. Masu masaƙar suna ce masa lawban, wato maigida, kalmar da ake gai da duk mai shago ko mai saye da ita. Tsokana ce, don ko tebur bai taɓa mallaka ba.

A Canaan ya haɗu da matarsa. 'Yar China ce mai tsaron shago, sunanta Lin, wadda duk abin da ka tambaya sai ta ce meyo, babu, ko da kana ganinsa rataye a bayanta. Yadda aka yi ta ce wa Muntari akwai, Allah kaɗai ya sani. Ta musulunta ranar Juma'a, muka laƙaba mata Jumai. Haihuwarta ta fari mace, aka sa mata Firdausi, ni na tuƙa tuwon suna da hannuna. Bayan 'yan shekaru aka sami namiji, Al-Amin.

Daga nan abin ya fara. Al-Amin a cinyar ubansa ya girma. Muntari zai ɗora shi a wuya ya zaga da shi kasuwa, yana kiran sunansa kamar shi kaɗai aka taɓa haifa. Firdausi kuwa 'yar fari ce, kunyarta yake ji kamar yadda uwarsa ta ji tasa. Bai taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba, bai taɓa kiran sunanta ba, ko a ɗaki. In zai kira ta sai ya ce ke. In zai yi maganarta sai ya ce yarinyar nan. Jumai ta zo mini da kuka tun yarinyar tana goye, wai mijinta ba ya son mace. Na zaunar da ita na yi mata bayani dalla-dalla, na ce wanda aka fi so shi ake ɓoyewa. Ta gyaɗa kai, ta yarda da rabi, sauran rabin kuma shago ya cinye mata lokacin tunaninsa.

Ita yarinyar ce babu wanda ya zaunar. A gida ba a yi wa yaro wannan bayanin. Tashi yake ya ga gidan maƙwabta haka, gidan kawunsa haka, har ya riƙa taƙama da cewa shi ne ba a kiran sunansa. To ina Firdausi za ta ga haka a nan? Abin da take gani a ƙofar makaranta shi ne iyaye maza 'yan China suna riƙe da jakunkunan 'ya'yansu mata, suna goge musu gumi, suna kiransu da sunayen shagwaɓa. Ita kuma ga fatarta daban, ga gashinta daban, dama a takure take a ajin.

Amma ni shaida ce. Rabin malmalar nan da yake rufewa, nata ne. Sai ya tsince duk tsokar da ke cikin miyar ya tura ƙarƙashin tuwon, ya bar wa kansa ƙashi, sannan ya ce mini in yarinyar nan ta taso daga makaranta ga sauran nan. Kowa ya san ragowar uba albarka ce, ba kowane ɗa ake ajiye wa ba. Kullum da safe kuma yana raka ta makaranta, sai dai ta ɗaya gefen titin yake bi, a ɗan baya, idonsa a kanta har ta shige, sannan ya ruga ya kama bas ɗin Xintang. Duk sallah kuma zai miƙo mini tef ɗinsa ya ce in auna masa ita in ta zo, ya kai awon wurin telan da ya fi yarda da shi, a ɗinka mata wando da riga daga yadin da ya fi kowanne. Ni yake ba in ba ta. Ina gaya mata daga babanta ne, sai ta ce to me ya hana shi ba ta da hannunsa, Gwaggo. Nakan ce za ki gane in kin girma.

Ana cikin haka wani Bature ya zo, kafin korona. Sunansa Ottavio Serrandi, ɗan Italiya, mai shirya fim, mu dai Otabiyo muke ce masa. Siririn mutum mai furfura a gemu, mai ladabi har ya yi yawa. Ranar farko ya wanke hannu ya ci tuwo da miyar kuka yana ta gumi, ya koyi sannu da madalla, nan take maza suka ce ai wannan ɗan gida ne. A falon nan ya ba mu tarihinsa da Turancinsa mai lanƙwasa. Ubansa yana da ƙaramar masaƙar wando a garinsu, kayan China suka shigo suka kashe ta, uban ya koma gida ya zauna a kujera bai sake wata maganar kirki ba har ya mutu. Fim ɗinsa na farko a kan masunta ya yi shi, babu wanda ya kalla. Na biyu a kan masaƙar ubansa da aka rufe, shi ya fito da sunansa. Na uku a kan wani direban jirgin ƙasa da ɗansa da ba sa ga maciji. Ya nuna mana guntaye a wayarsa. Ni dai duk abu ɗaya na gani, wani dattijo zaune ya yi tagumi, kyamara ta tsaya a kansa ta ƙi tafiya.

Wai ya zo ne ya bi sawun wandon da ya kashe sana'ar ubansa, daga Xintang har inda ake sa shi. Yana neman wanda zai shiga da shi masaƙu, aka haɗa shi da Muntari. Ba a jima ba ya manta da wando ya juya kyamara kan ɗan rakiyarsa. Yadda yake aiki kuwa, ba ya ce maka yi kaza. Kafa kyamararsa yake a lungu ya koma gefe ya zauna, ya yi shiru har ka manta da shi. Yana alfahari da cewa a fina-finansa babu kiɗa, babu mai bayani, ba ya ƙara komai a kan abin da ya faru. Ya bi Muntari bas, ya bi shi masaƙa, ya bi shi masallaci, ya bi shi gida. Ya tafi ya dawo, ya sake tafiya ya dawo. Muntari kuwa daɗi yake ji, wai yau ga Bature yana ɗaukar masa jaka.

Rana ɗaya ce na ga ya yi wa Muntari tambaya. Da azahar ne, Alhaji Tankari ya zo sari daga Kano, falo cike da mutane, Firdausi tana gefe tana aikin makaranta, lokacin ba ta wuce shekara goma ba. Otabiyo ya tambayi Muntari sunayen 'ya'yansa. Muntari ya washe baki ya ce Al-Amin, ya shiga ba da labarin ƙiriniyarsa. Bature ya nuna yarinyar ya ce ita fa, ya sunanta. A gaban ubangidansa, a gaban manya! Muntari ya sunkuyar da kai, ya yi 'yar dariya, ya kama murza tef ɗinsa. Kyamara ba ta motsa daga kansa ba. Yarinyar ta ɗago kai tana jira. Shirun ya yi tsawo har na ji kunya ta kama ni, na buga murfin tukunya da gangan. Alhaji Tankari ya yi murmushi ya ce Muntari akwai tarbiyya, duk zaman China bai ɓata shi ba. Da na dubi Otabiyo sai na ga idonsa ya kawo ruwa.

Tun a ranar jikina ya ba ni. Washegari na tare shi kafin mutane su taru, na ce ya kafa na'urarsa ni ma ina da magana. Turancina na kasuwa ne, amma ya ishe ni. Na ba shi labarin kunyar ɗan fari tun daga tushe, na ba shi labarin akuya, na buɗe masa kwanon ragowa na nuna masa tsokar da ke ƙarƙashin tuwo, na ɗauko masa wandon sallah da ke jiran a ba ta. Ya saurara, ya ɗauka duka, ya yi ta tambayoyi masu ma'ana. Kada wani ya ce bai gane ba, wallahi ya gane sarai. Da na gama ya naɗe wayoyinsa a hankali, ya ce:

"Hajiya, kowane uba yana da sunan da yake ba sanyinsa. Nawa ya kira nasa gajiya. Amma yaron da ke jira, abu ɗaya yake ji."

Na ce masa ubanka daban, Muntari daban, kada ka zo ka binne ubanka a falona. Ya yi dariya ya ce ina da baki, ya sayi tuwo malmala biyu.

Korona ta zo, ya koma ƙasarsu, mu kuma muka ga ta kanmu. Kasuwa ta mutu, masu gidaje suka yi ta korar baƙar fata, Muntari ya yi watanni babu bas babu kwantena, Jumai ce ta riƙe gidan. Mun manta da wani Bature. Ashe yana can yana yanka yana haɗawa. Sai labari muka ji fim ya fito, ya ci wata babbar kyauta a wani bikin fina-finai a Turai, jaridunsu suna cewa shi ne mafi kyawun aikinsa. Sunan fim ɗin, in aka juya shi da Hausa, Ɗaya Gefen Titi. Da aka buɗe hanya 'yan kasuwa suka fara dawowa, ya aiko wa Jumai da shi, har da fassarar Sinanci a ƙasa, wai tukwici ga iyalin da suka karɓe shi.

A falona aka kalla, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Aka haɗa waya da talabijin, maza suka cika wurin, Alhaji Tankari a kujerar gaba, Muntari ya sa sabuwar shadda. Jumai da yaran suna ta bakin ƙofar kicin tare da ni. Firdausi ta kai sha huɗu lokacin.

Babu ƙarya ko ɗaya a fim ɗin, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ga yarinya tana tafiya makaranta ita kaɗai da ƙatuwar jaka, ga ubanta can tsallaken titi kamar bai san ta ba. Ga Al-Amin a cinya ana ba shi a baki, sai a yanka, ga yarinya a lungu ta buɗe kwanon ragowa. Tsokar da ke ƙasan tuwon ba ta fito ba, kyamara daga nesa take. Ga ni ina auna ta da tef ina miƙa mata kaya, kamar wata marainiya da maƙwabta suke tufatarwa. Sannan ga tambayar nan, da shirun nan, bai rage ko daƙiƙa ba, ya tsaya a kan fuskar yarinyar tana jira. A nan fim ya ƙare. Bayanin da na yi masa rabin yini, ko tarina bai sa ba.

Ka san abin da mazan nan suka yi? Tafi suka yi. Su abin da suka gani shi ne mutum mai kunya, mai kula da iyali, wanda yake raka 'yarsa makaranta kullum, yake ajiye mata ragowa. Alhaji Tankari ya ce yanzu duniya ta ga yadda ɗan Hausa yake, ya sa wa Bature albarka. Muntari sai sunne kai yake yana murmushi, ana ta ba shi hannu. A duk falon mu uku ne muka kalli fim ɗin da Turawa suka kalla, ni da Jumai da yarinyar. Firdausi ba ta yi kuka ba. Ta tashi ta ɗauki jakarta ta sauka, kwanon ragowarta yana nan a rufe a bakin taga.

Ba a daɗe ba guntun wurin tambayar ya shiga wayoyin 'yan makarantarsu. Yaran da dama suke ja mata gashi suka sami abin faɗa, wai ko uban da ya ba ta baƙar fatar ma ba ya son ta. Ta daina hawowa wurina. Ta daina Hausa, in na yi mata sai ta amsa da Sinanci. Ta ce wa uwarta kada a sake kiranta Firdausi, sunanta na makaranta ya ishe ta, tunda wanda ya raɗa mata wancan ma ƙyamarsa yake. Ta canja hanyar makaranta ta koma shiga jirgin ƙasa, don kada ta riƙa ganinsa a tsallake. Na tare ta wata rana a bakin shagon uwarta, na sake kwashe mata bayanin kunya da akuya. Ta bari na gama, ta ce ta sani, uwarta ta gaya mata, kuma ba ta ce ƙarya muke ba. Amma ita ba a Kazaure aka haife ta ba, kuma ita ba akuya take so ba.

Sai na koma kan Muntari. Ban raga masa ba. Na ce Malam Muntari, kunyar nan taka a garinku ado ce, a nan wuƙa ce, kuma 'yarka take yanka. Na ce kalma ɗaya ce, ka shiga gida ka dube ta ka kira sunanta, shi ke nan an wuce wurin. Sai a lokacin ya fahimci abin da fim ɗin ya nuna, na ga fuskarsa ta zube. Ya rantse mini ya fi son ta da ransa, ya ce Al-Amin ɗa ne kawai, ita kuwa uwarsa yake gani in ya dube ta. Na ce ba ni za ka gaya wa ba.

Ya gwada, ban hana shi wannan ba. Jumai ta ce sau da yawa yakan tsaya a ƙofar ɗakin yarinyar, ya buɗe baki, sai ya ɓuge da tambayar ko ta yi salla. Ya ce mini harshensa ne yake nauyi, ji yake kamar an ce ya tuɓe a tsakiyar kasuwa. Kullum gobe, kullum in an sha ruwa, kullum bayan sallah. Ya rame, ya fara manta awo a masaƙa, har kwantena guda ta tafi Kano da wanduna masu gajeren ƙafa. Tuwon dai bai fasa rufe rabi ba, ni kuma in kwashe in zubar da yamma. Haushinsa nake ji, tausayinsa nake ji, wani lokacin in rasa wanne ya fi.

Bara sai ga Otabiyo ya dawo. Wata jami'a ce ta gayyace shi a nuna fina-finansa huɗu a jere, ɗalibai su yi masa tambayoyi. Ya hawo bene da kwalin alewa a hannu, yana sannu sannu madalla. Na ce ya ajiye alewarsa ya zauna, na wanke shi tas. Ya saurara, kuma na ga abin ya taɓa shi, sai dai ya ce shi bai ƙirƙiri komai ba, abin da yarinyar take ji tun da can ne ya fito. Na ce to da ka bar mana kayanmu a rufe, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Muntari yana bakin taga yana jin mu. Da Bature ya tashi tafiya, sai ya bi shi matakala.

Dabarar da ya yi ke nan, kuma bai shawarce ni ba. A tunaninsa tunda yarinyar fim ta gaskata, to fim ne zai warware. Ya roƙi Bature ya sake ɗaukarsa. Suka tafi Xintang su biyu, suka shiga wani sito da babu kowa sai dilolin wando, aka kafa kyamara. Otabiyo ya ce mini sun kusa yini a wurin. Daga baya ya nuna mini a wayarsa. Ga Muntari zaune a kan dila, gumi ya jiƙa masa riga, yana murza tef. Ya buɗe baki ya rufe, ya buɗe ya rufe. Can sai ya dubi kyamara ya ce, "Firdausi." Muryar kamar ba tasa ba. Ya sake faɗa, ya sake, sannan ya rufe fuska da hannu biyu. Ni da nake zagin Bature, sai da na share hawaye da bakin zane. Otabiyo ma idonsa ya yi ja, ya ce bai taɓa ɗaukar abu mai ƙarfin wannan ba. Da na ji haka gabana ya faɗi.

Jumai ta lallaɓo yarinyar ta kawo ta wurina ranar Asabar wajen sha biyun rana, kafin masu cin abinci su fara zuwa. Ta yi tsawo, ta kusa kamo ubanta, ta yanke gashinta. Muntari ya ƙi hawowa, ya tsaya a ƙasa bakin matakala yana jira. Na ba ta wayata, dama Otabiyo ya turo mini abin da ya ɗauka. Ta kalla har ƙarshe, ta mayar farko ta sake kallo. Na ga leɓenta yana rawa, na ce a raina Alhamdu lillahi. Sai ta tambaye ni wa yake bayan kyamarar. Na gaya mata. Ta ajiye wayar a kan tebur a hankali, ta yi mini Hausa, karo na farko tun ranar fim:

"Gwaggo, shekara goma sha shida ina gabansa bai kira ni ba. Bature ya kafa masa na'ura, ya kira."

Na ce ai don ke ya yi. Ta ce to ga ta nan, bari ta sauka ta ji da kunnenta.

Na bi bayanta ina addu'a. Kafin mu kai ƙasa azahar ta kawo jiki, masu cin tuwo sun fara taruwa a bakin benen, an kewaye Muntari ana gaisawa, Alhaji Tankari yana tsakiya da sandarsa yana hutawa kafin ya fara hawa. Firdausi ta ratsa su ta tsaya a gaban ubanta, kusa sosai, ta ɗaga kai ta dube shi ido cikin ido. Ta jira. Na ga ya saci kallon Alhaji, na ga hannunsa ya kai kan tef. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ke, kin ci abinci?"

Ta ɗan rusuna, irin yadda ake yi wa mai shagon da ba a sani ba, ta ce, "Lawban," ta wuce.

Alhaji Tankari ya ce yaran yanzu sai addu'a, ya fara hawa bene. Ba a yi wata biyu ba ta koma makarantar kwana a garin kakanninta na wajen uwa, ko hutu can take yi. Otabiyo ya haɗa abin da ya ɗauka a siton ya yi ɗan gajeren fim, na ji an ce a Turai mutane suna tashi tsaye suna tafi in an zo wurin da Muntari ya kira sunan. Muntari yana nan, yana kai mutane Xintang. Jiya ma ya zo ya zauna a bakin taga, ya tura tsoka ƙarƙashin tuwo ya rufe kwano. Da zai tafi ya ciro tef daga wuyansa ya miƙo mini, ya ce sallah ta matso, ko Allah zai sa yarinyar nan ta biyo.